Littafi, WhatsApp ko rumbun intanet: ina ya kamata bayanan ɗakin gwaji su zauna?

Wata ranar Talata cikin bazara, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta same ni a ɗakin gwajinmu a nan Gusau, tana riƙe da tire mai gilasai goma sha biyu. Jinin gwajin zazzaɓin cizon sauro ne ta shafa, ta rina, ta shanya. Na ɗora ɗaya a madubin likita na leƙa. Komai ya yi jaja-jaja, shuɗin da ya kamata ya fito a jikin ƙwayar cutar ko alamarsa babu.

Na ce mata, "Yaya kika haɗa rinin?"

Ta ce, "Malam, yadda aka turo a guruf na bi, ban ƙara ba ban rage ba."

Ta miƙo wayarta. Hoton wani shafi ne da aka ɗauka a karkace, aka tura, aka sake turawa har rubutun ya fara dusashewa: Giemsa kashi 10 cikin 100, minti 10. Shi ke nan abin da ke ciki. Babban ma'aikacin ɗakin, wanda dukanmu muke kira Baba, bai ko leƙa madubin ba. Ya ɗaga gilashi ɗaya ta wajen taga, ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, wane ruwa kiɗ ɗebo?" Ta nuna jarkar tataccen ruwa da ta yi makonni a buɗe a gindin famfo. Tataccen ruwa in ya daɗe yana shan iska yakan ɗan yi tsami, shi kuwa rinin Giemsa ruwan bafa yake so, wato ruwan da aka daidaita tsaminsa ya tsaya wuri ɗaya, mai pH 7.2 a ma'aunin tsami, kuma a haɗa shi a ranar da za a yi aiki da shi. Yaron da ya rubuta wancan shafin ya san haka sarai. Sanin ne ma ya sa bai rubuta ba, don a ganinsa abu ne da kowa ya sani. Ya tafi bautar ƙasa, ya tafi da rabin bayanin a kansa.

Na kawo wannan ne saboda wata abokiyar aikina da aka ba riƙon sabon ɗakin gwaji ta tambaye ni kwanan baya: da me za ta fara? Ta buɗe guruf na WhatsApp kamar kowa, ko ta sayo manyan littattafai, ko ta buɗe folda a Google Drive, ko kuwa ta nemi irin manhajar littafin gwaji da ta ga ana amfani da ita lokacin da take karatu a waje? Tambayar ta dace da duk mai irin wannan aiki, ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau yake, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ko ta Talatar Mafara, ko a ɗakin gwajin asibiti. Kuma ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce sun taɓa ƙoƙarin maimaita gwajin wani suka kasa, fiye da rabi kuma suka ce nasu na kansu ma ya taɓa gagarar su maimaitawa. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne irin ruwan jarkar nan: ƙaramin abu da ba a rubuta ba.

Kafin a yi zaɓi, a fara gane cewa abin da muke kira bayani a ɗakin gwaji ba iri ɗaya ba ne. Akwai labarin abin da ya faru yau a kan benci. Akwai yadda muke yin abu kullum, wanda bai kamata ya sauya daga hannu zuwa hannu ba. Akwai lambobi da hotunan da na'ura ta fitar. Akwai saƙon gaggawa, irin su an ɗauke wuta, a duba firji. Sannan akwai abin da ke hannun mutum wanda ko shi bai san yadda zai faɗe shi ba. Kowace hanya tana da wanda ta iya ɗauka da wanda take zubarwa a hanya.

Bari in fara da WhatsApp, tunda shi ne kowa ya riga ya zaɓa tun kafin a tambaye shi. Ba zan rage masa daraja ba. Babu wanda za a koya wa, yana kowace waya, yana aiki ko da sabis ya yi rauni, kuma saƙon murya ya buɗe bakin mutanen da rubutun Turanci ke yi wa nauyi. Na sha ganin ma'aikaci ya yi bayanin minti biyu da Hausa a saƙon murya wanda ya fi shafi uku na rubutu amfani. In ka kai samfur Zariya ko Sakkwato don a auna maka ƙarafan da ke ciki, ta WhatsApp za ka ji cewa kwalba ɗaya ta zube, ta nan za a tambaye ka da wane asid ka narka ƙasar. In daskararrun samfura na cikin haɗari da ƙarfe biyun dare, ba littafi ne zai ta da mai makulli ba. A wajen sauri babu na biyunsa.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka mai da ɗan aike ya zama ma'aji. Ka nemi yadda aka haɗa wani sinadari wata takwas da suka wuce, sai ka yi ta jan allo cikin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya, waɗanda duk hakkin zumunci ne, amma sun binne abin da kake nema. Saƙon murya kuwa ba a bincika shi da kalma. Sai ka saurari ashirin kafin ka dace da wanda kake so. In ka samu ma, wa ya tabbatar maka shi ne na ƙarshe? Wataƙila an gyara shi bayan mako biyu a wani saƙon da ba ka gani ba. Ɗalibin da aka sa a guruf bana ba ya samun tarihin abin da aka tattauna shekaru biyu baya. Wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace a kasuwa, in ba a kunna ajiyar saƙonni ba, ta tafi da komai. Wasu kuma sun kunna saƙo mai ɓacewa da kansa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, sun manta sun kunna.

Akwai wata illar da masu aiki da hoto ya kamata su riƙe. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi kafin ya tura, kuma yana goge bayanan da kyamara ke liƙa masa, irin su ranar da aka ɗauka. Ga hoton suna ko na biki wannan ba komai ba ne. Ga hoton jel ɗin da ake rarrabe DNA a cikinsa, inda siririn layi mai dishi-dishi shi ne dukan sakamakon, ko hoton ƙwayar cuta a ƙarƙashin madubi, matsewar na iya shafe abin da ake nema. In dole ne a tura, a tura shi a matsayin fayil, ta wurin da aka rubuta Document, don ya isa yadda yake. Wannan hanyar tana ɗaukar fayil har gigabait 2.

Ga masu aikin asibiti kuma abin ya wuce batun tsari, ya zama amana. Takardar sakamako mai ɗauke da sunan mara lafiya ba ta da wurin zama a guruf mai mutum arba'in, inda kowane hoto ke sauka cikin wayar kowa, wayar da yara ke ɗauka su yi wasa da ita a gida. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Ko da babu doka, garin nan ƙarami ne, mun san juna. A yi amfani da lambar samfur, a rufe suna.

Mu a Zamfara muna da wata hujjar da ba sai an ba mu labari ba. A watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni aka yi babu kira babu data, mutane na fita har wajen jiha don su buga waya ɗaya. Duk abin da ke rumbun intanet kaɗai, irin su Google Drive, ya zama kamar hatsin da ke rumbu a wani gari, ga shi naka, ga shi ba ka iya ɗiba. A makonnin nan abin da ya riƙe aikinmu shi ne abin da ke rubuce a takarda da abin da ke kan mutane. Tun daga lokacin, duk tsarin da aka kawo mini, tambayata ta farko ita ce: in aka wayi gari babu sabis, me zai rage a ɗakin?

Wannan ya kawo ni ga littafi, kuma a nan ne zuciyata ta fi karkata, ban ɓoye ba. Amma ba kowane littafi ba. Ina nufin mai kauri, ɗinkakke, wanda ba a yage masa shafi ba tare da an gane ba, an sa wa shafukansa lamba tun daga farko har ƙarshe. Ana rubutu da biro, a sa kwanan wata a kowane aiki, a rubuta a lokacin da ake yi, ba da dare a gida daga abin da aka tuna ba. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta gyaran a gefe, a sa hannu. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. Shafuka uku ko huɗu na farko a bar su don jerin abin da ke ciki. Kuma littafin na ɗakin gwaji ne. Ɗalibi in ya gama ya ɗauki hoton shafukansa, ya bar littafin a kabad.

Abin da littafi ya fi kowa iyawa shi ne riƙe labarin gwajin da bai yi kyau ba. Guruf yakan cika da sakamakon da ya fito da kyau, don shi mutum ke son nunawa. Littafi ne ke ɗauke da cewa ranar kaza an ɗauke wuta tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ba ta cika minti 15 a digiri 121 ba, ko an buɗe sabuwar kwalbar sinadari mai lamba kaza daga ranar ne sakamako ya fara karkata. Ɗauki misalin mai auna ƙasar noman rani daga yankin Bakolori. In ya rubuta pH 6.0 kawai, bai faɗi komai ba tukuna. A ruwa ya jiƙa ƙasar ko a ruwan kalsiyam kulorayid? Na biyun yakan ba da lamba ƙasa da na farko da wajen rabin maki. Kashi nawa na ƙasa zuwa nawa na ruwa? Yaushe aka daidaita na'urar auna pH da ruwan bafa mai pH 4 da mai pH 7? Mai littafi a gabansa yakan rubuta waɗannan, don shafin na da fili kuma hannunsa ya saba. Mai tura saƙo lambar kaɗai yake turawa.

Laifuffukan littafi ma a fili suke. Kwafi ɗaya ne tak: gara, ko yoyon damina, ko kwalbar asid da ta kife, sai a wayi gari aikin shekara biyu ya tafi. Mutum biyu ba sa karanta shi lokaci ɗaya, kuma abokin aikinka na Kano ba ya ganinsa. Rubutun wasu sai su. Ga kuma wani abu da ya taɓa cin mu: 'yar takardar da na'urori da yawa ke fitarwa, irin ta rasit ɗin POS, zafi ne ke rubutu a kanta, zafi ne kuma ke shafe shi. Mun liƙa irinta a littafi, bayan bazara ɗaya muka buɗe muka tarar da farar takarda, gam ɗin ne kawai ya rage. Yanzu duk wadda ta fito, a kwafe lambobin da biro a gefenta, a kuma ɗauki hotonta a ranar.

Akwai abin da ake yawan haɗawa da littafi alhali daban yake, wato takardar ƙa'idar aiki, wadda a ɗakin gwaji kowa ke kira SOP. Littafi yana cewa ga abin da na yi yau. Ita kuwa tana cewa ga yadda ake yi a ɗakin nan, ko wane ne ke kan benci. Ɗakunan gwajin asibiti da ke neman shaidar inganci ta ISO 15189 sun san wannan sosai: kowace takarda da lambar sigarta, da ranar da ta fara aiki, da sa hannun wanda ya amince da ita, kuma in sabuwa ta fito sai a janye tsohuwar daga bango. Wannan janyewar ita ce WhatsApp ba zai taɓa iyawa ba, don tsohon hoto yana nan a wayoyi talatin yana jiran wanda zai bi shi. Ɗakin koyarwa ko na bincike ba sai ya nemi shaidar kowa ba kafin ya ari wannan ɗabi'a.

In ana son ganin nauyin abin, a tuna da gubar dalma. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Fiye da yara 400 suka rasu. Ƙaramar na'urar da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ke auna jini da ita a can, LeadCare II, iyakarta maikurogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini. Abin da ya haura haka sai dai ta nuna ya yi yawa. Yara da dama kuwa sun haura nesa. Sai da aka fito da hanyar sirka samfurin a sake aunawa, sannan a ninka lambar da aka samu. To ka duba: in ma'aikaci ya rubuta 40 bai rubuta cewa sirkakken jini ne ba, kuma sau nawa aka sirka, wanda ya karɓi aikin zai ɗauka yaron yana ƙasa da 45, inda aka saba fara ba da maganin fitar da dalma, alhali ya ninka haka. Irin wannan bayanin ba a barinsa ga saƙon murya ko ga tunanin wanda ke bakin aiki. Wurinsa takardar ƙa'ida ɗaya da kowa ke bi, da gurbi a rajista wanda dole a cike.

Sai rumbun intanet, irin su Google Drive da OneDrive. A ganina wannan shi ne abokin tafiyar littafi, don yana toshe ainihin ramin da littafi ya bari. Gara ba ta cin sa, mutum goma na iya buɗe fayil ɗaya daga garuruwa goma, ana nemo abu da kalma, kuma Google Docs na ajiye tarihin gyare-gyare har ka ga wa ya sauya me da yaushe. Asusun kyauta na Google yana ba da gigabait 15, amma a sani cewa Gmail da hotuna ma daga ciki suke ci. Ga takardu da jadawalin lambobi ya isa shekaru. Ga hotunan madubi masu nauyi zai cika da wuri.

Inda ake faɗuwa a nan wuri biyu ne. Na farko, asusun wa? In ɗalibi ne ya buɗe foldar da imel ɗinsa, ranar da ya tafi ko ya ji haushin wani, ya tafi da ƙofar. A buɗe asusu da sunan ɗakin gwajin, mutum biyu manya su riƙe kalmar sirri, a ba sauran izinin shiga gwargwadon aikinsu. Na biyu, suna. Folda mai fayil ɗari uku masu suna sakamako, sakamako sabo, sakamako na ƙarshe, na ƙarshe gyararre, ba ta fi guruf ba. A sa kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-04-03, sai sunan aikin, sai harufan sunan mai shi. Haka fayilolin za su jeru da kansu, kuma ba za a yi gardamar ko 03/04 uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris ba. Fayil ɗin da na'ura ta fitar kuma kada a taɓa shi. A kwafe, a yi aiki a kan kwafin.

A yi hattara da Excel. Yana da karambanin gyara abin da ba a sa shi ba: lambar samfur 0045 sai ya mai da ita 45, ka rubuta 3-4 ya ce kwanan wata ne. Masana ƙwayoyin gado sun sha wuya da wannan, don sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 yakan juya su zuwa ranakun Satumba da Maris, har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa irin waɗannan suna gaba ɗaya. A shekarar ce kuma a Ingila aka tsallake sakamakon masu korona kusan 16,000 saboda tsohon nau'in fayil ɗin Excel da aka yi amfani da shi ya cika layukansa. Kafin a zuba lambobin samfur, a gaya masa ginshiƙin rubutu ne ba lissafi ba.

Manhajar littafin gwaji ta kwamfuta, wadda abokiyar aikina ta fi sha'awa, ita ce ta haɗa littafi da rumbu wuri ɗaya. Tana buga lokaci a kan kowane rubutu, tana hana a sauya abu a ɓoye, ana liƙa hoto da fayil a jikin bayanin gwajin, ana kwafo ƙa'idar aiki a cike gurabe. Benchling, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, kyauta ne ga masu bincike a jami'o'i, kuma ya fi dacewa da masu aikin DNA da furotin, amma sai da intanet. eLabFTW kyauta ne shi ma, ana iya girka shi a kwamfutar cikin gida ta zama uwar garke, sai dai yana bukatar wanda ya iya kula da ita, da wutar da ba ta yankewa, da mai kwafe ajiya a kai a kai. Ban raina su ba, a wurin da ya dace sun fi duk sauran. Amma na ga yadda ake farawa da zafi a watsar bayan wata uku: hannu na cikin safar roba, ba a taɓa kwamfuta, sai a rubuta a 'yar takarda da niyyar shigarwa anjima, anjima ta zama gobe, takardar ta ɓace. A ƙarshe babu littafi babu manhaja. Wanda ke da sola da inbata, da intanet tsayayye, da tallafin bincike da ya haɗa shi da abokan aiki a wasu ƙasashe, da mutum ɗaya da zai ɗauki abin a matsayin aikinsa, ya shiga. Ya kuma tabbatar tun ranar farko cewa zai iya fitar da komai a PDF in ya tashi barin manhajar. Wanda bai cika waɗannan ba ya dakata tukuna.

Imel ba shi da dogon bayani. Amfaninsa ɗaya ne babba: shaida. In kun zauna da mai duba aikinka kun yanke cewa za a sauya hanya, tura masa layi huɗu a ranar. Ga wanda kuma yake son hanyar da ya gyara ta amfani mutanen waje, akwai protocols.io na ƙa'idojin gwaji, da rumbun Zenodo da cibiyar binciken kimiyya ta CERN ke riƙe da shi, mai ba fayil lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin, da za a iya ambatawa a mujalla. Wannan ma magani ne ga mai tsoron a sace masa aiki, don kwanan wata da sunansa sun riga sun zauna.

Saura abin da ke hannu. A farkon shekarun 1970 wani masanin zamantakewa a Ingila, Harry Collins, ya bi diddigin ɗakunan gwajin da ke ƙoƙarin ƙera wata na'urar hasken leza da aka ƙirƙiro a Kanada. Ya tarar babu wanda ya yi nasara da karanta abin da aka wallafa kaɗai. Waɗanda tasu ta yi aiki su ne waɗanda suka yi hulɗa kai tsaye da wanda ya riga ya ƙera tasa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya yi karatun zaure ya san ba a ɗaukar littafi a shige ɗaki a fito malami. Ana zama gaban wanda ya karanta a gaban wani. Yadda ake karkata gilashi a ja jini ya fito siriri da jela, yadda ake sakin fifet, bututun ɗibar ruwan gwaji, a hankali kada kumfa ta shiga, ƙarar da injin juya samfur ke yi in ba a daidaita nauyi ba, duk waɗannan gani ya kori ji. Babu manhajar da za ta maye gurbin mako biyu a gefen Baba.

Abin da ke damuna shi ne mun fi sakaci da wannan hanyar, alhali ita ce ba ta cin ko sisi. Wani malamin yana ganin ƙasƙanci ne ya tambayi ma'aikacin da bai kai shi takarda ba, ma'aikacin kuma ya ja bakinsa ya yi shiru tunda ba a tambaye shi ba. Ɗalibi na tsoron ya ce gwajinsa ya lalace kada a ce bai iya ba, sai ya maimaita kuskure ɗaya sau biyar a ɓoye, sinadari mai tsada na ƙarewa. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, da ya ɗauki wata takwas, ya nuna wa da yawa cewa in aka daɗe ba a haɗu ba, hannu na mantuwa, kuma waɗanda suka iya suna watsewa. Zaman minti arba'in a mako, kowa da littafinsa a buɗe, a fara da abin da bai yi ba kafin abin da ya yi, a bar mutum ya yi bayani da Hausa in ita ta fi masa sauƙi, ya fi kowane guruf kawo gyara. Sharaɗi ɗaya ne: abin da aka yanke a zaman, wani ya rubuta shi kafin a tashi.

Ga abin da na ce wa abokiyar aikina. Tunda ɗakinta na koyarwa ne, ɗalibai na shigowa suna fita kowace shekara, wuta kuma sai an ta da janareta, ta sa littafi da takardar ƙa'ida su zama ginshiƙi. Kowace Alhamis bayan zaman mako a ɗauki hoton sababbin shafuka a zuba a foldar ɗakin, a kuma kwafe foldar a filash ko babban ma'aji da ke ajiye a wani ginin, don kwafi ya zama uku. WhatsApp ya tsaya a kira da sanarwa da gaggawa, guruf ɗin aiki daban da na zumunci, kuma duk bayanin fasaha da ya biyo ta can, wanda ya karɓa ya mai da shi littafi a ranar. Da ɗakin asibiti ne, da na ce takardar ƙa'ida da rajista su zo gaba da komai. Da ɗalibar digiri na uku ce ita kaɗai, littafi ɗaya da folda ɗaya da imel bayan kowace ganawa sun ishe ta. Manhaja kuwa na ce ta bari sai solar da aka yi mata alkawari ta iso, ta ga ta yi wata shida tana aiki.

Ta sayo littattafai shida, ta zauna da ɗalibanta suka sa wa shafuka lamba da hannu. Takardar farko da ta nemi in ara mata ita ce tamu ta rinin Giemsa, wadda yanzu take siga ta uku, a cikin leda, liƙe a bango saman wurin rini. Layi na biyu a cikinta Baba ne ya sa aka ƙara: a auna pH na ruwan bafa kafin a haɗa, a rubuta abin da aka samu, kada a ɗebi na jarka. Na ce mata ta kwafa, amma kada ta liƙa sai ta gwada da ruwan ɗakinta da kwalbar rininta, ta ga ko minti 10 ɗin ya ishe ta.